Ranar da Na Watsa Kasuwa a Maiduguri

Tun da na dawo daga Maiduguri wayata ba ta huta ba. Wannan ta kira, waccan ta turo saƙo, wata ma ta yi takakkiya har gida wai ta zo yi mini barka da dawowa, amma ko gama gaisawa ba mu yi ba ta matso ta rage murya ta ce, "To Rabi, kin ga gawa?" Na gaji da amsa muku ɗaya bayan ɗaya. Ga shi nan na rubuta muku gaba ɗaya, ku 'yan ajinmu na kwalejin horon malamai mata, kowace ta karanta da idonta. Idan kun ji zafi a maganata, to da zafin na rubuta ta.

Ga wadda ta manta, ko take so a ɗauka ta manta, Yagana ita ce Babarbariyar ɗakinmu, wadda mahaifinta ke aikin jirgin ƙasa a nan Kano, wadda duk dawowa daga hutu sai ta raba mana nakiya har ta rasa tata. Ta yi aure ta koma garinsu, tana koyarwa a wata firamare a unguwar Gomari. Tun da rikicin nan ya fara babu ɗayarmu da ta taka garin. Mahaifinta ya rasu, muka yi ta'aziyya ta waya. Ƙanenta ya fita bai dawo ba, muka ce Allah Ya bayyana shi, ta waya. Ita kuwa babu bikin ɗayarmu da ba ta ratso shingayen sojoji ta zo ba. Yanzu za ta aurar da 'yarta ta fari, Falmata, bayan Sallah. 'Yan'uwanta mata sun watse, wasu na Yola, wasu sun tsallaka Nijar, kuma abu ɗaya tak ta roƙa a wurinmu: mu zo mu tsaya mata a matsayin dangi, kada a ga uwar amarya ita kaɗai. A falon Binta muka zauna a kan maganar, kuka ce wata ta fara zuwa ta gano hanya, idan da lafiya kowa za ta je. Sai duk kuka juyo kuka zuba mini ido, don ni ce mai baki.

Da asuba na shiga mota. Direbanmu wani dattijon Babarbare ne mai jan bakin goro, kafin ya tayar da mota ya juyo ya yi mana huɗuba. Ya ce duk mai uzuri ya yi uzurinsa yanzu, daga Damaturu ba ya tsayawa ko uwar wani ce ta roƙe shi, don da yamma sojoji ke rufe ƙofar gari, wanda ya makara a daji zai kwana. Kusa da ni wata dattijuwa ce, Mama Saratu, 'yar kudancin Borno, tana aiki a wani coci a Jiddari Polo, ta je ganin ɗanta a Sabon Gari za ta koma. Ba mu kai Wudil ba ta dubi hijabina tun daga sama har inda yake jan ƙasa, ta ce, "'Yata, Maiduguri za ki da wannan?"

Raina ya sosu. Na ce a zuciyata, ji wannan baiwar Allah, ina ruwanta da suturata. Na ce mata da shi aka san ni, da shi kuma nake zuwa ko'ina. Ba ta ja maganar ba. Ta ce, "To, Allah Ya kiyaye," ta kwance bakin zanenta ta ɗebo mini gyaɗa.

Daga Potiskum aka fara sauke mu. A kowane shinge sai kowa ya fito, mota ta wuce fanko, mu kuma mu bi ta a ƙasa hannu a sama, maza suna ɗage riga suna nuna ciki, har da wani Alhaji mai tumbi da na tausaya wa. A shinge na uku ko na huɗu wani soja da bai girmi ɗalibaina ba ya nuna ni da bakin bindiga daga nesa ya ce, "Madam, ɗaga hijab." A gaban maza, a tsakiyar titi. Na ɗaga, amma bakina bai iya zama ba, na ce, "Ɗana, kai ba ka da uwa?" Mama Saratu ta mintsine ni a cinya har sai da na yi ƙara. Saboda wannan kalma ɗaya aka shanya motarmu a rana kusan rabin awa. Da aka sake mu direba bai dube ni ba, da madubi ya yi magana: "Hajiyan baya, idan ka sake buɗe baki, zan ajiye ka da jakanka." Fasinjoji ba wanda ya tare mini. Ni kuwa har muka bar wurin ina huci, don a ganina ni aka zalunta.

Bayan Damaturu motar ta yi tsit. Direba ya kashe rediyo ya take mota. Muka yi ta wuce ƙauyuka babu rufi, babu ko akuya, a wani wurin ƙonannun manyan motoci a gefen hanya. Ina jin Mama Saratu tana addu'arta ƙasa-ƙasa, ni ma ina tawa. Ban san lokacin da na riƙe hannunta ba, ita ce dai ta zare shi a hankali da muka shiga gari.

Yagana na tsaye a tasha cikin lafaya ruwan ƙasa. Ta rame, amma dariyar nan tata mai rufe ido tana nan. Ta rungume ni, ƙamshin humra ya cika mini hanci, ta yi ta cewa, "Rabi, da gaske ke ce? Da ƙafarki?" Na yi zaton gida za mu nufa in sha ruwa in miƙe. Muna shiga keke mai ƙafa uku, don an daɗe da hana babur a garin, sai ta ce wa mai keken ya fara biyawa da mu wurin Bulama, wato mai unguwarsu.

Nan ma raina ya ɓaci. A Kano baƙo ruwa ake fara ba shi, ba a kai shi gaban mai unguwa kamar an kama shi da kayan sata. Muka tarar da mijinta, Malam Bukar, dillalin shanu, yana jiranmu a zauren. Bulama tsoho ne siriri, da wani littafi na 'yan makaranta a gabansa. Ya karɓi katina ya juya shi gaba da baya, ya rubuta sunana, suka yi dogon Barbarci da Malam Bukar, sannan Yagana ta matsa ta dangwala yatsa kusa da sunan. Ya juyo gare ni da Hausa ya ce, "Hajiya, sannu da zuwa garinmu Yerwa. Waɗannan biyu sun tsaya miki. Duk abin da ya fito daga wurinki, ba ke za mu tambaya ba, su za mu tambaya. Gidan da baƙonsa ya jawo fitina, ba ya zama a unguwan nan." Gidan haya suke ciki, kuma na ji wannan magana da kunnena. Ina so ku riƙe wannan, don kada daga baya wata ta ce mini ai ban sani ba.

A hanya Yagana ta ba ni dokoki tana dariya don kada su yi mini nauyi. Kada in ɗauki hoto ko'ina. Kada in fita ni kaɗai ko ƙofar gida. Kuma idan muna waje, hannuwana su kasance a fili kullum, inda kowa zai gan su. Ta ce ta ajiye mini lafaya biyu, su zan riƙa sawa. Na ce mata ashe kurkuku na zo, ba ziyara ba.

Gidan ɗaki uku ne, amma ban iya ƙirga mutanen cikinsa ba, dangin Malam Bukar ne da suka gudo daga ƙauye, mata da tsofaffi, kowa da ƙullinsa a jikin bango. A haka aka kwashe mini ɗakin Yagana kacokan, ni kaɗai a kan gado, ita ta koma tabarma. Na yi faɗa, ba wanda ya saurare ni. Kafin magariba maƙwabta suka fara shigowa. Ku da kuke gaisuwa kuna tafiya, ku je ku ga gaisuwa. Mace za ta durƙusa, tana tafa hannu a hankali, "Wushe, wushe, lale, lale," ta tambayi hanya, ta tambayi gajiya, ta tambayi maigida da yara da mutanen Kano kaf, ta yi shiru kamar ta gama, sai ta sake ɗaukowa daga farko. Kowace kuma da kwanonta. Aka jera mini burabusko da miyar yakuwa, da sinasir, da wani tuwon gero mai laushi da ban taɓa cin irinsa ba. Na ce wa Yagana ai wannan almubazzaranci ne, mutane suna cikin wannan hali. Ta ce in yi shiru in ci, an daɗe ba a ga baƙo daga waje a layin ba, kowa na so a ce ya ciyar da shi. Wata tsohuwa ta shafa hannuna ta yi magana da Barbarci, Falmata ta fassara mini: "Wai ashe har yanzu ana tunawa da mu." Na ajiye lomar da ke hannuna, don na san yadda aka yi na zo.

Da sassafe ƙarar jiragen yaƙi ta tashe ni, Gomari tana jikin filin jirgi ne. Na diro daga gado ina salati, na leƙo tsakar gida na ga mata suna shara abinsu, ko ɗaga kai ba su yi ba.

Ranar ce Yagana ta ware don nuna mini gari, ta naɗa mini lafaya da hannunta. Ni da lafaya ba mu shirya ba. Ita mace ta naɗa ta ta hau keke, ta sauka, ta yi ciniki, ko gezau. Ni kafin mu kai bakin titi ta zame sau biyu. A gaban fadar Shehu na take bakinta, ta warware, na tsaya ina tattarawa kamar mai kwashe shanya, mai kekenmu ya kifa kai a kan sitiyari yana dariya. Daga nan muka je gidan zu, muka ga kada da jimina, muka zagaya ta Jiddari Polo, muka tsaya muka sha shayin Shuwa mai kauri wanda ya hana ni barcin rana. Yagana sai nuni take yi. "A da nan ake sauke bandar kifi daga Baga. A da nan muke zuwa yawon Sallah. Can a da akwai wani gidan abinci, har daga Chadi ake zuwa." Ga zafi, ga lafaya tana neman kunyata ni, sai na ce mata, "Ke Yagana, garin naku komai a da ne?"

Ta juya ta dubi titi. Can ta ce, "Ba komai ba. Dubi can." 'Yan makaranta ne aka taso, sun cika titi suna ture-ture, ga tela yana ɗinki a bakin shago, ga masu lemo suna kiran ciniki. Ta ce, "Wannan nake so ki faɗa musu, Rabi. Ki ce kin ga mutane suna rayuwa. Idan ke kika faɗa za su yarda, su zo." Na ji kunya, amma ban nuna ba. Ku kun san ni.

Washegari ita ce ranar kasuwa, za mu zaɓo lafayar da za ku yi anko da ita a bikin. Na ce yau kam ba zan sa lafaya ba, na gaji da zama abin dariya, na jawo hijabina. Yagana ta tsaya da lafayar a hannu ta ce, "Rabi, da kin daure." Na ce ina laifin hijabi, ko an hana Musulunci ne a garin? Na ga maganar ta zo bakinta ta mayar. Kunyar baƙo ce ta hana ta. Abin da ta ce kawai, "To, don Allah hannuwanki a waje."

Muka fara biyawa Kasuwar Shanu, Malam Bukar ya nuna mini turakun da yanzu rabinsu babu komai, hanyoyin da shanu ke shigowa sun toshe. Amma ya ce baƙuwa ba ta barin Yerwa ba ta ci dandaru ba, ya kai mu wurin wani mahauci abokinsa a bayan kasuwar. Dandaru nama ne da ake rufewa a bar shi ya dahu a hankali cikin romonsa da kayan ƙamshi har ya riƙa sakin ƙashi da kansa. Duk masu tsiren Kano su taru su ba shi hanya. Aka shimfiɗa mana tabarma a wata rumfa, muka ci, muka kora da tsamiya mai sanyi, na lashe yatsu ba kunya. Na ce wallahi sai an kai wa matan gida su ma. Yagana ta zo da wata ƙaramar kula ta ƙarfe, aka cika ta aka ɗaure murfin. Malam Bukar ya koma aikinsa, mu muka hau keke sai babbar kasuwa.

A ƙofar kasuwar layi ake bi, na maza daban na mata daban. 'Yan gora, wato samarin gari masu gadi da sanduna, suna shafa wa kowa wata 'yar na'ura a jiki, sojoji na gefe a bayan buhunan yashi. Muna cikin layi wata mata uwar ɗalibar Yagana ta kira ta daga gefe. Yagana ta miƙo mini kular ta ce in riƙe, ta je su gaisa, kun kuma ji yadda gaisuwarsu take.

To, ku 'yan Kano ne, ku faɗa mini. Wace matar aure ce a cikinmu za ta tsaya a bainar jama'a da kwanon abinci a hannu kowa na kallo? Tun muna yara idan aka aike mu da tuwo gidan maƙwabta ake cewa a rufe, a sa a cikin mayafi. Ban yi shawara da zuciyata ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Na shigar da kular cikin hijabi na rungume ta a ciki da hannu biyu. Rana kuma ta buɗe, sai na hango 'yar inuwa a jikin ƙofar, na fita daga layi na nufe ta da sauri.

Wata mata ce ta fara kwarma ihu da Barbarci. Kafin in juya wurin ya yamutse, mutane suna gudu ta ko'ina, tire na faɗuwa, keke na karo da keke. Na ɗauka wani abu ne ya taso daga bayana. Sai ni ma na zura da gudu, na bi inda mutane suka fi yawa, kula a ƙirji. Duk inda na nufa sai a dare a bar ni. Na bi wasu mata, suka watse suna kururuwa. Sai da na ji an daka mini tsawa da Hausa, "Tsaya nan! Kada ka motsa!" sannan na ja birki, na duba, na ga ni kaɗai ce a tsakiyar fili, kuma duk bindigogin da ke wurin ni suke kallo. A lokacin na gane daga wa ake gudu.

Wani daga bayan buhunan yashi yana ta ihu in ɗaga hannu, wani yana cewa in ɗaga hijabi. Hannuwana biyu suna riƙe da kula. Idan na sake ta, ƙarfe ne zai faɗi ƙasa da ƙara, na kuma san abin da zai biyo bayan ƙarar. Idan na fito da ita, abu ne mai murfi a hannun mace mai dogon hijabi. Bakin nan nawa da kuke yabo ya ƙi buɗewa. Na fara kalmar shahada a zuci.

Sai na ga Yagana ta fito daga cikin mutane. Ba gudu take ba, tafiya take a hankali, hannuwanta a sama, tana magana da Barbarci da ƙarfi, tana faɗa tana maimaitawa. Ana yi mata tsawa ta koma, ba ta koma ba. Wani ɗan gora ya sha gabanta ya sauke mata sanda a kafaɗa, ta durƙusa, ta miƙe, ta ci gaba. Ta iso gabana har ina jin numfashinta, ta ce, "Kada ki motsa, Rabi. Ni zan ɗaga." Ta kama bakin hijabin ta yaye shi sama, ta zare kular daga hannuna, ta ɗaga ta yadda kowa zai gani, ta buɗe murfin. Ta sa hannu ta ɗauko tsoka ɗaya ta kai baki ta tauna, hawaye na zuba mata.

Aka tasa mu zuwa wata rumfa. Aka kira Malam Bukar, aka kira Bulama a waya ya tabbatar da sunana na littafinsa. Da raina ya dawo jikina, sai halina ma ya dawo. Na ji wani ɗan gora yana cewa "Afuno" yana tsaki, haka suke kiran Bahaushe, na ga kafaɗar Yagana ta kumbura, sai na miƙe na fara. Na ce nama ne fa, nama, a kan nama za ku kashe matar aure, ku doki malamar makaranta? Malam Bukar, mutumin da tun zuwana bai taɓa haɗa ido da ni ba, ya dube ni ya ce a hankali, "Ya Rabi, mutanen nan da suka gudu, babu wanda bai binne wani nasa ba. Ki zauna." Ya nuna mini gefe da haɓa. Wata tsohuwa mai sayar da kuɓewa ce zaune a ƙasa, an tattake ta a gudun, tana riƙe da hannunta da ya karye, ba ta ko kuka. Na zauna.

Bayan la'asar aka taru a zauren Bulama, da dattawan unguwa da mai gidan da su Yagana ke haya. Ban ji Barbarci ba, amma na ji sautinsa. Mutum biyu sun dage a tashe su, sun ce an yi sharaɗi a gaban kowa. Malam Bukar ya sunkuyar da kai. Yagana ta durƙusa da kumburarriyar kafaɗa tana ba da haƙuri a kan laifin da ba ita ta yi ba, ni kuwa ina rakuɓe a bayanta, an ce kada in sa baki. Ina tunanin tsofaffin nan masu ƙulli a jikin bango, ina za a kai su. Ban taɓa jin na tsani kaina kamar wannan yammacin ba.

Daga ƙarshe Bulama ya yanke, ya kuma maimaita da Hausa don in ji. Ya ce saboda Malama ta koyar da 'ya'yan unguwa, kuma ta sa ranta ta kashe wutar da kanta, za su zauna. Jinyar tsohuwa tana kansu. Baƙin biki kuma, sai an kawo masa sunan kowace tun kafin ta taso, kuma ta shigo da shigar mutanen gari. Sannan ya dube ni. "Ke kuma Hajiya, gobe da safe ki kama hanya. Ba mu ƙi ki ba. Amma kada a sake kawo mini sunanki."

Da Yagana za ta zage ni da na fi samun sauƙi. Ba ta yi ba. Da hannu ɗaya ta turara mini kayana da turaren wuta, ta ƙulla mini humra da yaji na tsaraba, tana ta ba ni labarin yadda za a yi bikin. Na ce, "Yagana, ki yi mini faɗa mana." Ta ce, "A kan me? Ni ce na miƙa miki kular." A tasha ta riƙe hannuna ta tagar mota ta ce, "Kada ki faɗa musu na kasuwa, za su tsorata. Ki faɗa musu dandaru. Ki tattaro mini sunayensu da wuri in kai wa Bulama." Na ce to. Har motar ta fita tana tsaye tana ɗaga hannun da ke ɗaguwa.

Hanyar dawowa ba ni da abin faɗa a kanta. Lafaya na naɗa, ta zame ko ba ta zame ba, kuma duk sojan da ya ce in ɗaga hannu na ɗaga ban ce komai ba.

Na cika mata alkawari da farko. Na yagi takarda na bi ku gida-gida, ban faɗa wa kowa na kasuwa ba. Na ba ku labarin burabusko da dandaru da 'yan makaranta a titi, na ce na je lafiya na dawo lafiya, ga ni a gabanku. Binta, kika ce sai kin shawarci Alhaji, alhali Dubai ma ba kya shawartarsa. Maimuna, kika ce hawan jininki ba ya son doguwar tafiya, satin nan kuma na ga hotonki a biki a Sakkwato. Wata ta ce za ta aika da gudummawa mai kauri, kamar Yagana ta ce muku kuɗi take nema. Saboda haka kada wadda ta karanta wannan ta ce labarina ne ya tsorata ta. Kun ƙi tun ba ku ji shi ba, kuma tun a falon Binta kun san ba za ku je ba, kuka bar ni na tafi gano muku hanyar da ba ku da niyyar bi.

Na karya alkawarin yanzu ne don ku san wace ce kuke yi wa haka. Matar da ta taka zuwa gaban bindiga saboda ɗaya daga cikinku, ba tare da ta san ko za a bari ta iso ba. Jiya ma ta kira, ta ce kafaɗa ta yi sauƙi, ta ce ta riga ta sayi lafayar ankon, ta tambaye ni mutum nawa za ta ce wa Bulama. Na ce mata ina kan tattarawa. Yau kwana tara takardar na cikin jakata. Suna ɗaya ne a kanta, nawa, shi ne kuma wanda aka ce kada a sake kaiwa.